Inda Yara Suke da Inda Makarantu Suke: Bunƙasar Birnin Kano da Nauyin da Ke Wuyan Malami

Jawabin da aka gabatar a babban taron reshe na ƙarshen zangon karatu





Da wuya a yi taro irin wannan a watse ba a ji koke biyu ba. Malamin birni zai tashi ya ce ajinsa ya cika ya batse, har ba ya samun wurin da zai taka ya isa ga yaron da ke zaune a baya. Malamin karkara kuma zai tashi ya ce shi kaɗai ne a kan aji uku, domin duk wanda aka turo musu ba ya cika shekara sai ya nemi a mayar da shi birni. Sau da yawa amsar da ake ba su guda ce: jama'a ta yi yawa. Mu kuwa a ganinmu wannan amsa ba ta gamsar ba. Jama'a ta ƙaru, babu mai musun haka, amma ba ta ƙaru daidai wa daida a ko'ina ba. Ta taru ne a wasu wurare, kuma akasarin wuraren nan ba su ne inda aka gina makarantu ko aka jibge malamai ba. Wannan saɓani tsakanin inda yara suke da inda makarantu suke shi ne abin da muke so mu zanta a kai yau.

Yadda birnin ya tumbatsa

Bari mu waiwaya baya kaɗan. A shekarar 1851 Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000, ya ce kuma da rani, lokacin da fatake suka cika gari, yawan yakan ninka. A wancan zamani ko cikin ganuwa ba a cike ba. Akwai gonaki da fili fetal tsakanin gidaje da badala.

Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Daga nan aka fara zama a wajen ganuwa bisa tsarin da Turawa suka shata. Suka keɓe wa kansu Nassarawa, inda gida ɗaya ke da filin da zai ɗauki gidaje da dama na cikin birni. Aka kafa Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu, daga baya aka yi Tudun Wada domin baƙi 'yan arewa. Tun daga ranar, rabon fili a Kano bai taɓa daidaita ba: wata unguwa sarari da inuwar itatuwa, wata kuwa matsi da lunguna. Ko makarantar boko ta farko, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a 1909, a Nassarawa aka yi ta.

Ƙidayar 1963 ta ba birnin Kano mutum kusan 300,000. A wannan shekara ce aka tsara wa birni da kewaye shirin raya gari na shekara ashirin, wanda zai kai 1983. Amma kafin wa'adin ya cika, gari ya riga ya tsallake iyakokin da aka zana masa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun jawo masu neman aiki, farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya kori manoma da makiyaya daga gonakinsu, kuɗin man fetur kuma ya sa birni ya yi kyan gani daga nesa.

Ƙidayar 2006 ta nuna inda aka kwana. Jihar Kano tana da mutum kimanin miliyan 9.4 a ƙananan hukumomi 44. Daga ciki, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sun ɗauki kimanin miliyan 2.8. Faɗin waɗannan takwas bai wuce murabba'in kilomita 500 ba, alhali faɗin jihar ya haura 20,000. Ke nan kashi 30 cikin 100 na jama'ar jihar suna zaune a kan ƙasar da ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Idan aka raba, kowane murabba'in kilomita na birni yana ɗauke da mutum fiye da 5,600, na sauran jihar kuwa wajen 335.

Kada mu manta, waɗannan alƙaluma na 2006 ne, kuma daga lokacin ba a sake yin ƙidaya a Najeriya ba. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Jaririn da aka ƙidaya a bayan mahaifiyarsa a wancan lokaci ya riga ya wuce shekarun sakandare. Duk wani tsari da ake yi wa ilimi a yau da waɗannan alƙaluma, kamar a auna yaro ne yana goye, a ɗinka masa riga da wannan awo ranar aurensa.

Daga ina jama'ar take fitowa

Akwai masu ɗora komai a kan mutanen ƙauye, su ce su ne suka cika gari. Gaskiyar magana ita ce, ta hanya uku birni yake ƙaruwa.

Hanya ta farko ita ce haihuwa a cikin birnin kansa. Gidan gado da ke Dala ko Gwale ba ya ƙara faɗi, amma iyalin da ke ciki suna ƙaruwa. Idan samari biyar suka tashi aure a gida ɗaya, ɗaya ko biyu ne za su samu ɗaki. Sauran sai su fita bayan gari neman fili ko haya. Da yawa daga cikin mazauna Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Sheka 'ya'yan cikin birni ne da gida ya yi wa kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce ƙaura. A da, cin rani ake yi: a zo bayan an kai amfanin gona gida, a koma da faɗuwar ruwan fari. Yanzu gona ta tsuke saboda rabon gado, taki ya yi tsada, sai mai cin rani ya zauna, ya kama tuƙin adaidaita sahu ko dako a kasuwa, daga baya ya aika a kawo masa iyali. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu, daga Borno da Yobe, sa'an nan daga wasu sassan Zamfara da Katsina. Waɗannan ba marmarin birni ne ya kawo su ba, tsira da rai ne, kuma 'ya'yansu suna da haƙƙin karatu kamar namu.

Hanya ta uku ita ce wadda ba a cika lura da ita ba: birni ne yake bin ƙauye har gida ya haɗiye shi. Duk wanda ya bi titin Zariya, ko na Maiduguri, ko na Haɗeja, ko na Katsina, ko na Gwarzo, ya san cewa garuruwan da a da sai an ratsa gonaki kafin a kai su, yanzu gini ya haɗe su da birni. Bunƙasar ma ta tsallake ƙananan hukumomin nan takwas ta shiga maƙwabtansu, irin su Dawakin Tofa, inda kasuwar Dawanau take, da Gezawa da Dawakin Kudu. Makarantar da aka gina wa ƙauye mai gidaje ɗari biyu sai ta wayi gari a tsakiyar unguwa mai gidaje dubbai, alhali a takardun ofis har yanzu makarantar ƙauye ce.

Awon igiya ba ya barin filin makaranta

Dukkan hanyoyin nan uku wuri ɗaya suke kai mutane, wato gefen birni, inda fili da haya suka fi sauƙi. A nan ne kuma matsalar take tsirowa, domin yawancin filayen gefen birni awon igiya ne. Manomi ya sayar da gonarsa, dillali ya zo da igiya ya yayyanka ta ƙananan fuloti, ya bar ɗan lungun da mota ɗaya za ta iya kurɗawa. Kowane taku kuɗi ne a wurinsa, saboda haka ba zai bar eka guda domin makaranta ba. Masallaci yakan samu, domin akan sami mai bayar da wakafi. Makaranta da asibiti da magudanar ruwa kuwa, sai bayan an tare ake tunawa da su.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce sabuwar unguwa tana da gidaje 1,000, a kowane gida akwai yara uku da suka isa firamare. Yara 3,000 ke nan. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Bisa wannan ƙa'ida unguwar tana buƙatar ajujuwa fiye da 85, wato manyan makarantu uku ko huɗu. Amma ranar da hukuma ta farga, babu filin da za a gina ko ɗaya, sai dai a sayi gidajen mutane a rushe, abin da kuɗinsa ya ninka na gonar da aka bari ta wuce.

To ina yaran za su je? Mai hali ya kai nasa makarantar kuɗi, wadda sau da yawa gidan haya ne mai ɗaki huɗu, babu filin wasa, malaminta kuma ana biyansa abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba. Marar hali ya tura nasa tsohuwar makarantar gwamnati da ke nesa, yaro ɗan shekara shida ya tsallaka babban titi safe da rana. Wanda ba zai iya ko ɗaya ba ya bar nasa a gida. A nan 'ya'ya mata suka fi cutuwa, domin uba yakan haƙura ɗansa namiji ya yi tafiya mai nisa, amma ba ya sakin jiki da 'yarsa, musamman idan ta fara tasawa.

Abin da ke faruwa a cikin aji

Mu ne muke karɓar sakamakon duk wannan da ƙarfe takwas na safe. Idan darasi minti 35 ne, yara kuma 35, kowane yaro yana da rabon minti ɗaya na hankalin malami. Idan yaran suka kai 140, rabonsa daƙiƙa 15 ne, kafin a cire lokacin kiran suna da na tsawatarwa. Idan malami zai ba kowane littafi minti uku wajen dubawa, littattafan yara 120 za su ci masa sa'a shida a kan aiki guda. Saboda haka sai aikin rubutu ya ragu, a koma maimaitawa da baki gaba ɗaya. A cikin wannan amo, yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba yakan ɓuya shekara da shekaru, har ya kai aji shida. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, malami ake nuna wa yatsa, ba a tambayar wanda ya yanka gonar nan bai bar filin makaranta ba.

Mun taɓa ganin irin wannan. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, yara sun fito fiye da yadda aka yi tsammani, aka rasa ajujuwa da ƙwararrun malamai. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta mayar da karatun shekara tara kyauta kuma dole. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duk waɗannan matakai abin yabo ne, kuma kowannensu kira ne ga iyaye su kawo 'ya'yansu. Amma wanda ya gayyaci baƙi, shi ke da alhakin shimfiɗa tabarma a inda baƙin za su sauka.

Karkara ma tana biyan nata kason

Kada wani ya ɗauka cewa tunda birni ya cika, karkara ta samu sarari. Kewayen Kano tun fil azal yana cikin yankunan noma mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, kuma kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka ƙidaya a 2006 a wajen birni aka ƙidaya su. Abin da karkara ke rasawa shi ne masu koyarwa. Ɗan ƙauyen da ya yi karatu ya samu takardar NCE, a birni ya yi karatun, sau da yawa kuma a birni yake son zama. Malamin da aka tura Doguwa ko Sumaila ko Kunchi daga birni yana fuskantar zaɓi mai wuya: ko ya bar iyali ya kama ɗaki a can, ya riƙe gida biyu da albashi ɗaya, ko ya riƙa zirga-zirga kuɗin mota ya cinye rabin abin da yake samu, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Malama mai aure da 'ya'ya kuwa, ko wannan zaɓin ba ta da shi.

Wanda ya nemi canjin wurin aiki a irin wannan hali, lissafin gidansa ne ya tilasta masa. Amma idan aka tara waɗannan buƙatu, sai a ga malamai sun taru a tsofaffin makarantun tsakiyar birni da ke bakin titi, gefen birni yana fama da cunkoso, karkara tana fama da rashi. A Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba 2020, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin alawus na musamman ga malaman da ke aiki a karkara. Muna tuna wa hukumomi cewa alkawari kaya ne.

Abin da muke nema

Daga abin da ya gabata, muna ganin reshenmu ya kamata ya tsaya a kan buƙatu huɗu, ya miƙa su ga uwar ƙungiya ta jiha.

Na farko, a keɓe filin makaranta tun gona tana gona. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a tare da biyan diyya. Hukumar tsara birane da ma'aikatar ƙasa su zauna da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, su bi manyan titunan nan da gari ke miƙewa a kansu, su sayi filaye yanzu da sauran sauƙi. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda da saninsu ake cinikin gonaki, su ma a sa su cikin wannan aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, a kare filayen makarantun da ake da su. Kowace makaranta a auna ta, a ba ta takardar mallaka, a kewaye ta. Filin wasan yara ba rarar ƙasa ba ne da za a jera wa shaguna. Inda fili ya ƙure, a yi gini mai hawa mai inganci maimakon a cinye ɗan sararin da ya rage.

Na uku, rabon malamai ya bi rajistar yara. A riƙa bayyana yawan ɗalibai da yawan malaman kowace makaranta a fili, ta yadda kowa zai ga inda ake da rara da inda ake da giɓi, a kuma yi canjin wurin aiki bisa ƙa'ida ɗaya da ta hau kan kowa, mai uwa a gindin murhu da marar ita.

Na huɗu, a sauƙaƙa wa malamin karkara zama. A biya alawus ɗin da aka yi alkawari, a gina gidajen malamai kusa da makarantu, a kuma fifita 'yan asalin yanki, musamman mata, wajen ɗaukar aiki da tura su ƙaro karatu, domin wanda gidansu ke nan ba ya neman a mayar da shi gida.

Abin da ke hannunmu

Ba za mu tsaya a kan nema kawai ba, domin muna riƙe da abin da babu wani ofishi da ke da irinsa. Ƙasa ba ta yi ƙidaya ba tun 2006, amma malami yana yin ƙidaya kowace safiya. Rajistar aji ita ce shaida mafi sabunta a kan inda jama'a take ƙaruwa. Ƙidayar makarantu da ake yi shekara-shekara tana lissafa yaran da suka shigo. Ba ta faɗin daga wace unguwa suka taso, ko tsawon tafiyar da suka yi, ko 'yan uwansu nawa aka bari a gida.

Saboda haka muna ba da shawara cewa a zango mai zuwa kowane wakilin makaranta ya tattaro abu huɗu: yawan yara a kowane aji, yawan malaman da suke shiga aji da gaske, unguwar da kowane yaro yake fitowa, da yawan ajujuwan da za a iya zama a cikinsu idan ana ruwa. A rubuta gaskiya tsantsa, ba ƙari ba ragi, domin alƙalami ɗaya na ƙarya zai zubar da darajar sauran. Reshe ya haɗa su wuri ɗaya, ya zana su a kan taswirar ƙaramar hukuma, ya kai wa sakataren ilimi da kansiloli da ɗan majalisarmu na jiha. Wanda ya je da kuka akan ba shi haƙuri. Wanda ya je da lissafi dole a ba shi amsa.

Ga iyalanmu da ke wannan zaure kuma, muna da roƙo. Yawancinmu a irin waɗannan sababbin unguwanni muke zaune, domin nan ne albashin malami zai iya kaiwa. Idan za a sayi fili ko a kama haya, a tambayi inda makaranta take kamar yadda ake tambayar ruwa da wuta. Idan ƙungiyar unguwa ta zauna a kan gyaran kwata ko sayen taransifoma, a sa maganar filin makaranta a ciki. A shiga kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai, a yi magana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kano ba za ta daina girma ba, kuma ba ma fatan ta daina, domin karɓar baƙo shi ya mayar da ita abin da take tun zamanin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi. Gonakin da muke gani yau a bayan Ungogo da Kumbotso unguwanni ne nan da 'yan shekaru, kuma yaran da za a haifa a cikinsu ajinmu za su zo, ko ajin waɗanda muke koyarwa yanzu. Ko za su tarar da makaranta kusa da gida da malamin da ya san sunansu, wannan ya danganta da abin da aka yi kafin igiyar dillali ta isa wurin.

 Allah Ya saka wa iyayenmu malamai da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya yi wa ɗalibanmu da zuriyarmu albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.